Leprechaun na 2000 ko na 2003: Wanne Ya Cancanci Lokacin Mai Kallo?

A cikin jerin fina-finan Leprechaun da aka fara a Amurka a shekarar 1993, guda biyu ne aka ɗauko dodon labarin aka kai shi unguwannin talakawa baƙaƙen fata, aka gauraya ban tsoro da ban dariya da waƙar gambarar zamani, wato hip-hop. Na farko shi ne Leprechaun in the Hood wanda ya fito a 2000, na biyu kuwa Leprechaun: Back 2 tha Hood na ƙarshen 2003. Da yake sunayensu sun yi kama, kuma ɗan wasa ɗaya ne, Warwick Davis ɗan ƙasar Birtaniya, ya fito a matsayin dodon a cikinsu, mutane da dama suna ɗauka cewa labari ɗaya ne aka raba gida biyu. Alhali kuwa, ban da dodon, babu mutum ko ɗaya daga cikin jaruman na farko da ya sake bayyana a na biyu, kuma wanda ya kalli ɗaya bai rasa komai na fahimtar ɗayan ba. Kowannensu yana cin kimanin awa ɗaya da rabi, don haka wanda yake da lokacin guda ɗaya kacal yana da dalilin tambayar wanne zai ɗauka, musamman ganin cewa su kansu masoya jerin sun daɗe da rabuwa a kan amsar.

Asalin halittar, wadda ake kira leprechaun, daga tatsuniyoyin mutanen ƙasar Ayalan take, inda ake siffanta ta da ɗan gajeren tsoho mai ɗinkin takalma wanda yake ɓoye tukunyar zinariya. Mark Jones, wanda ya rubuta fim ɗin 1993 kuma ya ba da umarninsa, shi ya mayar da wannan tsoho makashi mai bin duk wanda ya taɓa masa ko da tsaba ɗaya. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 1, ya kuma samo sama da miliyan 8 a gidajen sinima, abin da ya sa kamfanin Trimark ya ci gaba da fitar da wasu. Na biyu a jerin, wanda ya fito a 1994, bai yi kasuwa a sinima ba, saboda haka daga na uku, wanda aka kai labarinsa Las Vegas a 1995, sai aka daina bi ta sinima, aka koma sayar da kaset da ba da haya kai tsaye. Na huɗu ma sararin samaniya aka kai dodon. Duk wanda ya san zamanin da fina-finan Hausa suka rayu a kan kaset da shagunan haya zai gane irin wannan kasuwa: kuɗin aiki kaɗan ne, kwanakin ɗauka kaɗan ne, kuma hoton da ke bangon kaset tare da sunan wani sananne su ne suke sa mai haya ya miƙa hannu. A daidai wannan lokaci mawaƙan gambara sun fara cika fina-finan ban tsoro na Amurka, domin LL Cool J ya fito a wani a 1998, Snoop Dogg a 2001, Busta Rhymes a 2002. Kai dodon unguwar baƙaƙen fata lissafin kasuwa ne, kuma fina-finan biyu daga wannan lissafi suka fito, sai dai abin da kowanne ya yi da shi ya bambanta ƙwarai.

Fim ɗin 2000, wanda Rob Spera ya ba da umarni, ya fara ne da mawaƙin gambara Ice-T a matsayin Mack Daddy, a shekarun 1970, yana kutsawa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa shi da abokinsa. A can suka tarar da zinariya da kuma dodon a daskare kamar gunki, saboda wata sarƙa mai lamba da aka rataya masa a wuya. Mack Daddy sarewar zinariya kawai yake nema, wadda duk wanda ya ji sautinta hankalinsa yake komawa hannun mai busa ta. Abokin ya cire sarƙar, dodon ya farfaɗo ya kashe shi, sannan aka yi faɗan da masu kallo suka fi yawan ambata idan ana zancen fim ɗin: Mack Daddy yana sa hannu cikin tulin gashin kansa yana zaro makamai ɗaya bayan ɗaya, har da sandar wasan baseball wadda ko rabinta ba zai ɓuya a gashi ba. Cikin waɗannan mintuna na farko mai kallo zai san ko fim ɗin nasa ne. Wanda ya yi dariya zai ji daɗin sauran, wanda kuma ya ji an raina masa hankali gara ya tsaya nan, domin fim ɗin ba ya sauya hali har ƙarshe.

Bayan shekara 20 Mack Daddy ya zama hamshaƙin mai kamfanin waƙa da ƙarfin sarewar. Samari uku, Postmaster P da Stray Bullet da Butch, suka zo neman ya ɗauke su domin su samu zuwa wata gasar waƙa a Las Vegas. Jagoransu, wanda Anthony Montgomery ya fito a matsayinsa, ya nace cewa waƙarsu ta faɗakarwa ce da gyaran tarbiyya, shi kuwa Mack Daddy ya ce kasuwa waƙar bindiga da kisa take so, ya kore su. Cikin fushi da talauci suka fasa masa ofis, suka kwashe zinariya da sarewar, suka kuma cire sarƙar daga wuyan dodon, wanda ya sake daskarewa kamar gunki tun bayan wancan faɗan, ba tare da sun san abin da suka saki ba. Daga nan mutum biyu ne suke farautarsu, mai kamfani da dodo, kuma kowanne sarewar yake so.

A ganina wannan ne babban abin da ya raba fina-finan biyu, kuma shi ne ya sa fim ɗin 2000 ya fi zama a zukatan mutane duk da tarin kurakuransa. Hip-hop yana cikin ƙashin labarinsa. Gardamar da samarin suka yi da Mack Daddy gardama ce ta gaske da aka yi ta yi a Amurka cikin shekarun 1990, tsakanin masu ganin gambara hanyar wayar da kai ce da masu kamfanonin da suka gano cewa waƙar ta'addancin unguwa ta fi kawo kuɗi, kuma saka Ice-T, wanda yana cikin waɗanda suka assasa wannan salo na biyu, a matsayin mai tilasta wa yara su bi shi, zaɓi ne mai ma'ana. Sarewar kanta tana nuna yadda ake iya sa jama'a su yi tafi ga abin da ba shi da kyau. Samarin sun gwada ta a wata majami'a inda waƙarsu ta ɓata wa masu ibada rai har suka fara ficewa, da aka busa sarewar sai kowa ya dawo yana rawa, a nan ne ma marigayi mawaƙi Coolio ya ɗan leƙo na 'yan daƙiƙoƙi. Yaron da ya fara da wa'azi ya riƙa sassauta aƙidarsa kaɗan-kaɗan, ya rasa abokansa biyu, ɗaya dodon ya tilasta masa harbe kansa, ɗayan Mack Daddy ya harbe shi. A ƙarshe an nuna shi a kan dandamali ya samu ɗaukakar da yake nema, yana rera irin waƙar da ya ƙi a farko, ya cire baƙin tabarau sai ga idanunsa suna ƙyallin kore, alamar ya zama mallakin dodon. Fim mai arha irin wannan ba kasafai yake da ƙarfin halin barin mugu ya yi nasara ba, balle ya ɗaura nasarar a kan wani abu da ke faruwa a masana'antar waƙa.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da yadda aka yi aikin. Hasken wurare da yawa bai isa ba, ɗakunan da aka yi ɗauka a cikinsu ƙanana ne kuma kusan babu kowa a ciki, wasu kashe-kashen ma ba a nuna su ba, sai dai a yanke hoto a koma wani wuri, abin da masu son ban tsoro na sosai suke ɗauka a matsayin cin amana. Tsakiyar fim ɗin tana jan ƙafa, ana yawo daga shagon jingina zuwa gidan wani zuwa majami'a ba tare da labarin ya matsa ba. Waƙoƙin samarin ukun ba su da armashi, kuma ana barin su su yi tsawo. Dabarar da suka ɓullo da ita don karya lagon dodon, wato cusa wata 'yar ciyawa mai ganye huɗu a cikin naɗin tabar wiwi sannan su yi shigar mata su kai masa, ta sa wasu dariya, ta kuma sa wasu kashe kallon. Bayan an gama labari sai dodon ya hau dandamali da kansa ya rera gambara, 'yan mata da ya sihirce suna rawa a bayansa. Wannan waƙa ita ce abin da ya fi yawo a intanet daga cikin fim ɗin, kuma mutane da yawa sun san ta ba tare da sun taɓa kallon sauran ba.

Fim ɗin 2003 aikin Steven Ayromlooi ne, shi ya rubuta shi ya ba da umarni, a lokacin da Trimark ya riga ya narke cikin kamfanin Lionsgate. Da ganin mintunan farko za a san an fi kula da aikin. An buɗe da zanen katun mai bayyana asalin waɗannan halittu, cewa masu gadin dukiyar wani sarki ne, da sarkin ya mutu duk suka koma inda suka fito sai guda ɗaya da son zinariya ya lalata. Daga nan aka nuna wani limamin coci, Fada Jacob, wanda ya yi amfani da zinariyar dodon domin gina wa matasan unguwa cibiya, ya samu ya tura dodon ƙarƙashin ƙasa amma shi ma ya mutu, ginin kuma ya tsaya. Bayan shekara ɗaya sai Emily, mai aikin gyaran gashi wadda take burin zuwa jami'a, ta rufta cikin wani rami a kangon ginin ta tarar da akwatin zinariya wanda ba ya ƙarewa, ana kwashewa yana sake cika. Tun kafin nan wata mai duba ta gargaɗe ta cewa dukiya za ta zo mata kuma ta guje ta. Ta raba da ƙawarta Lisa, da Jamie mashayin wiwi, da tsohon saurayinta Rory mai sayar da ƙwaya, kowa ya shiga kashe kuɗi, dodon kuwa ya dawo karɓar kayansa.

Tangi Miller da Laz Alonso, waɗanda suka fito a matsayin Emily da Rory, sun yi wasa da natsuwa fiye da yadda ake tsammani a irin wannan fim, kuma Alonso ya zama sanannen ɗan wasa daga baya. Hoton ya fi tsabta, an fita waje an yi ɗauka a tituna da kan rufin gini, kayan dodon sun fi duhu, kuma kashe-kashen ana nuna su ƙuru-ƙuru. Akwai budurwar Rory da ta narkar da tsaba ɗaya ta yi haƙorin zinariya, dodon ya zo ya karɓi abinsa tare da muƙamuƙinta. Akwai ɗan sandan da ya cire wa ƙafa, da kuma wurin da ya zauna shan wiwi da wani saurayi cikin raha har ya hango tsabarsa a hannun yaron, nan take fuskarsa ta sauya ya soke shi da tulun shan. Wannan wuri ya nuna iyawar Davis sosai, domin cikin daƙiƙa guda ya tashi daga abokin hira ya koma abin tsoro, kuma duk da nauyin kwalliyar da aka lafta masa a fuska ana ganin sauyin a idanunsa.

To amma ina hip-hop ɗin? Sticky Fingaz na ƙungiyar Onyx yana ciki, sai dai ƙaramin matsayi aka ba shi a cikin 'yan daban da ke rigima da Rory, kuma babu wanda yake neman zama mawaƙi a labarin. Waƙar tana tashi a bayan hoto, ana ganin sutura da motoci da salon magana, amma da za a ɗauke labarin a kai shi wani gari na fararen fata, a sauya tufafi, babu abin da zai rushe. Labari ne na matasa huɗu da suka tsinci dukiyar da ba tasu ba, irin wanda aka saba gani. Wani abin da masoya jerin suka yi ta ƙorafi a kai shi ne cewa dodon ya rage magana cikin ƙafiya, alhali baitocinsa masu amsa-amo su ne tambarinsa tun 1993, kuma a fim ɗin 2000 su ne suka sa haɗa shi da mawaƙan gambara ya yi daidai, tunda shi ma a ƙafiya yake magana. Cire wannan ya ƙara masa kwarjini kaɗan, ya kuma rage masa abin da ya bambanta shi da sauran makasan fina-finai.

Ra'ayin masu kallo ya bi wannan rabuwa. Yawancin masu sharhi na jaridu ba su yaba wa ko ɗaya ba, kuma mujallar Entertainment Weekly ta taɓa sanya na 2003 a matsayi na uku cikin jerin da ta tsara na mafi munin fina-finan da aka ɗora a kan wani fim na baya. Ina ganin wannan hukunci ya yi tsauri, domin ta fuskar sana'a na 2003 ya fi na 2000, har ma ya fi wanda aka yi a sararin samaniya nesa ba kusa ba, kuma da alama sunansa da kasancewarsa na shida a jeri sun taimaka wajen jawo masa wannan matsayi. Su kuwa masu kallo na yau da kullum kashi biyu ne. Akwai waɗanda suke taruwa musamman domin kallon fim ɗin da ya lalace har lalacewar ta zama abin nishaɗi, sau da yawa a ranar 17 ga Maris da ake bikin Waliyyi Patrick na mutanen Ayalan, kuma waɗannan kusan kullum na 2000 suke ɗauka, saboda kowane minti goma akwai abin da zai sa ɗaki ya kaure da ihu. Akwai kuma masu bin jerin bi da bi, waɗanda da yawansu suke cewa na 2003 an zalunce shi, domin shi ne mai jarumar da ake tausaya wa da labarin da ya tafi a miƙe daga farko zuwa ƙarshe. Abin lura shi ne masu kare na 2003 suna yabon ingancinsa ne, masu son na 2000 kuwa suna ba da labarin wurare ɗaya-ɗaya da suka kasa mantawa, kuma a irin wannan fim abin da ake tunawa ya fi abin da aka yi daidai nauyi.

Akwai wani zargi da ya hau kan su biyun, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Dukansu sun cika unguwar baƙaƙen fata da 'yan daba da masu sayar da ƙwaya da mashaya, kamar babu wani abu a can sai wannan. Wasu masu kallo baƙaƙen fata sun ji daɗin ganin fim ɗin ban tsoro wanda kusan duk jarumansa nasu ne, a lokacin da aka saba ganin baƙar fata ɗaya tak a fim kuma a kashe shi da wuri, wasu kuma sun ga cewa an yi amfani da su ne kawai domin a sayar da kaset. Duka ra'ayoyin suna da tushe. Na 2000 ya fi muni wajen ba'a, domin ya yi wasa da mai shago ɗan Asiya, da wani namiji mai rayuwar mata, da malamin majami'a mai kwaɗayi da neman mata, duk ta hanya mai ƙasƙantarwa. Na 2003 ya fi mutunta mutanensa, Emily mace ce mai sana'a da buri, limamin cocin kuma mutumin kirki ne, ko da yake shi ma bai kuɓuta daga 'yan daba da wiwi ba. Wanda irin wannan ba'a take ɓata wa rai ƙwarai, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi zuwa na 2003.

Ko ɗaya daga cikinsu bai dace da yara ko zaman iyali ba. Hukumar tace fina-finai ta Amurka ta ware su ga manya, kuma akwai ashar mai yawa, da shan wiwi a fili wanda aka mayar abin dariya, da zubar da jini, da maganganun batsa. Na 2000 ya fi yawan batsa da wasa da wurin ibada, na 2003 ya fi nuna jini. Sannan akwai batun harshe, wanda ya shafi duk mai kallon da Ingilishi ba harshensa na farko ba ne: rabin dariyar na 2000 tana cikin ƙafiyar dodon da karin maganar unguwa, wanda kuwa bai kama su ba zai ga mutane suna ta surutu a ɗakuna masu duhu. Na 2003 ana iya bin sa da ido kawai, domin abin da ke faruwa a bayyane yake.

Idan aka ce in zaɓar wa mutum guda ɗaya, kuma abin da ya jawo shi shi ne jin cewa an haɗa dodo da hip-hop, na 2000 zan miƙa masa, tare da shawarar ya kalla da abokai biyu ko uku kuma ya yi haƙuri da tsakiyarsa. Shi ne ya cika alkawarin da sunansa ya ɗauka, shi ne yake da Ice-T a shekarar da ya fara fitowa a matsayin ɗan sanda a talabijin, matsayin da ya riƙe sama da shekara 20, kuma shi ne yake da ƙarshen da ake iya tattaunawa a kansa bayan an kashe kallo. Wanda zai kalla shi kaɗai da dare, yana son labari mai kan gado da ɗan tsoro na gaske, ko kuma ba ya jure aikin da aka yi cikin gaggawa, na 2003 zai fi gamsar da shi, kuma zai ga fitowar Warwick Davis ta ƙarshe a wannan matsayi bayan fina-finai shida cikin shekara 10.

Fina-finan da suka biyo baya ba za su maye gurbin ko ɗaya ba. Na 2014, wanda kamfanin kokawa na WWE ya shirya da ɗan kokawa Dylan Postl, ya cire ban dariyar gaba ɗaya ya mayar da dodon dabba marar magana, kuma masoya jerin sun yi tir da shi. Na 2018, wanda tashar Syfy ta nuna da Linden Porco a matsayin dodon, ya dawo da raha da ƙafiya, amma ya ɗora ne kai tsaye daga labarin 1993 a gidan ƙauye, ya yi kamar ba a taɓa zuwa unguwar ba.